Kafin Mu Ɗora wa Firiji Laifi

Sansanin Ista ya kusa, kwamitin shiri kuma ya roƙe mu mu rubuta abin da muka koya game da batir da firijin 'yar tirelar zumunta, domin waɗanda za su karɓi makullinta bana. Ga waɗanda ba su taɓa bin mu ba, tirelar da muke magana a kai ɗan ɗaki ne mai taya biyu da mota ke ja, da gado da wurin girki a ciki, irin wanda iyalai a Turai da Amurka ke fita hutu da shi. Tamu ta hannu ce, daga Turai aka shigo da ita, inda rana ba ta dukan mutum kamar yadda take dukanmu a Maris da Afrilu.

Dalilin da ya sa muka ɗauki zancen da muhimmanci shi ne magani. A cikinmu akwai ƙanwarmu mai ciwon sukari da ke yi wa kanta allurar insulin kullum. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daskare ta lalace, sai zubarwa. Iyayenta sun yarda ta bi mu daji kwana huɗu ne saboda mun ba su tabbacin akwai firiji. Duk wanda ya karɓi makullin nan, amanar nan ya karɓa.

Firiji biyu ne a tirelar, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka gina a jikinta tsohon samfuri ne marar kwamfuresa. Ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro irinsa a 1922. Zafi yake amfani da shi wajen yin sanyi: ana ɗumama ruwan amoniya a bututun da ke bayansa, ya zagaya, ya janye zafin da ke ciki. Yana karɓar iskar gas, ko wutar gida, ko batir. Na biyun kuwa ƙaramin akwati ne mai kwamfuresa da ke aiki da batir mai bolt 12, shi muka ware domin magani.

A sansanin bara, daren kwana na biyu, ƙaramin ya fara wani hali. Sai ya yi ƙara kamar zai tashi, ya tsaya, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa. Nan take shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce gas ɗinsa ya ƙare, wani ya ce kwamfuresa ta ƙone, wani ya ce da gari ya waye a kai shi gari wurin mai gyara. Wani ƙaninmu da ke koyon aikin rewaya bai ce komai ba, ya ɗauko mitar awon wuta. A kan batir ya sami bolt 12.3, wato akwai sauran wuta. Ya koma bakin firijin ya auna daidai lokacin da kwamfuresa ke ƙoƙarin tashi, sai ga 10.3. Bolt biyu sun ɓace a hanya. Wanda ya haɗa wutar tun kafin tirelar ta zo hannunmu ya ja siririyar waya mai tsawo, ya ƙare ta da soket irin na kunna sigari a mota, shi ma ya yi tsatsa. Da aka ja gajeriyar waya mai kauri daga batir, da fiyus ɗinta, firijin ya tashi bai sake tsayawa ba.

Firijin nan lafiyarsa ƙalau, aikinsa ma yake yi. Kwamfuresa irin Danfoss BD35F, wadda ke cikin ƙananan firiji masu yawa, an saita ta ta kashe kanta idan wuta ta sauka zuwa 10.4, ba ta kuma tashi sai ta koma 11.7, domin kada ta tsotse batir har ya mutu. Idan tana da 'yar fitilar gargaɗi, ƙiftawa ɗaya tana nufin ƙarancin wuta. Ita ba ta san abin da ke kan batir ba, abin da ya iso bakinta kawai take gani. Daga ranar muka kafa doka: ba a yanke wa firiji hukunci sai an bi wuta daga tushenta, mataki mataki.

Matakin farko batir ne. A cire komai daga kansa, a bar shi ya huta na 'yan awanni, sannan a auna. Batir mai ruwa idan ya cika yana nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2 ya sauka rabi, idan ya yi ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Wanda aka auna yanzu da sauke shi daga caji zai iya nuna 13, wannan lamba ba abin dogara ba ce. Bayan haka a kunna firiji a sake aunawa. Batirin da ya tsufa yakan nuna lamba mai kyau yana zaune, da an ɗora masa kaya sai ya faɗi warwas. A duba kawunansa ma: farin gari ko kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta, a wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, a ɗaure da kyau. Idan mai murfi ne, a ƙara masa ruwan batir da aka tace, ban da ruwan rijiya. Kada a kunna ashana kusa da shi yana caji, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

A kuma san irin batirin da ake da shi. Na tayar da mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, idan ana tsotse shi kullum ba ya daɗewa. Irin na sola ne aka yi domin jan wuta a hankali dare guda. Sabon samfurin nan na litiyom kuwa yakan tsaya wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa, don haka lambobin da muka ambata ba su shafe shi ba.

Mataki na biyu hanya ce, wato waya da fiyus da duk inda aka haɗa. Wutar bolt 12 ba ta da rarar da za ta zubar. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, idan nisan ya kai mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan, tana cinye kusan rabin bolt a kan amfiya 5. Mai kaurin 6 ba ta cin rabin haka. A kasuwa kuma akwai wayar alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe, a kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya bayyana a ajiye ta. A taɓa kowane mahaɗi firiji yana aiki, wanda ya yi ɗumi nan wuta ke tsiyaya. Fiyus idan ya ƙone, a nemi dalili, a sa wani daidai lambarsa. Mun roƙe ku kada kowa ya ɗaure shi da guntun waya, mutane ne ke kwana a cikin ɗakin nan.

Mataki na uku lissafi ne, kuma a nan yawancinmu muke da hannu. Batirinmu an rubuta masa 100Ah, amma batir mai ruwa ba a so ya wuce rabi, saboda haka 50 ne namu. Ƙaramin firijin yana jan wajen amfiya 5 idan kwamfuresa na juyawa, a zafin bazara kuma takan juya rabin lokaci. A yini da kwana wannan ya kai 60. Faifan sola mai wat 100 yana mayar da wajen 30 a rana mai kyau, idan an goge masa ƙura kuma inuwar reshe ba ta faɗa kansa ba. Faifai biyu da ƙyar suke riƙe firijin, uku ne kwanciyar hankali. Sai kuma wayoyin hannu. Kowace tana ɗaukar wajen 1.5 kafin ta cika, mu talatin kuwa 45 ke nan, kusan duk abin da batir ya tanada domin dare. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ƙanwarmu, kowa "minti goma kawai" ya ce. Shi ya sa bana batirin magani daban yake, kuma ba a jona masa komai. Cajin waya da rana ne, a ɗaya batirin, daga ƙarfe goma zuwa uku.

Tsohon firijin yana da nasa sharuɗɗan. A kan batir yana jan wajen amfiya 10 ba hutawa, cikin awa biyar ya cinye rabon dare gaba ɗaya. An yi masa hanyar batir ne domin lokacin tafiya, injin mota na caji. Da mun sauka, a mayar da shi gas. Yana kuma son tirela ta tsaya daidai, domin ruwan cikinsa gangarowa yake yi da kansa. Idan ta karkace sanyi ya tsaya, idan aka daɗe a haka bututun na iya toshewa har abada. Kwano da ruwa a kan tebur ya isa ya nuna mana karkata. Harshen wutarsa shuɗi ake so. Idan ya yi rawaya ko yana baƙin hayaƙi, a kashe, a leƙa bututun hayaƙin, sau da yawa zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki tun tirelar na ajiye. Irin wannan wuta tana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mai barci, don haka ba a toshe ramukan iskar da ke jikin bango ko da ƙura ta dame mu. Ko yana lafiya, irinsa yakan gaza idan zafi ya tsananta, shi ya sa kayan miya kawai muke ba shi.

Akwai taimakon da ba ya cin ko kobo. A kunna duka biyun tun daren jajiberin tafiya da wutar gida, a zuba kaya da sanyinsu. A tsayar da tirela a inuwa, gefen firiji ya juya wa ranar yamma baya, a ja faifan sola zuwa fili. A bar tazara a bayan ƙaramin domin ya sha iska. Mutum ɗaya ne ke buɗe shi, akwai kuma ma'aunin zafi a ciki da ake dubawa bayan addu'ar safe da kafin kwanciya, a rubuta a littafi tare da lambar batir. Maganin kada ya jingina da bangon da ke yin ƙanƙara.

Muna kuma tafiya da tukwane biyu na ƙasa, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen zane a sama. Dabarar da malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a karkarar Jigawa ce, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba ta kai sanyin firiji, amma a busasshen zafi irin namu tana sauke zafi sosai, tana kuma ba mu lokaci mu gyara ko mu kai maganin gari. Idan aka kai ga haka, a sanar da iyaye da ma'aikaciyar jinyarmu nan take, su ne za su ce ko maganin zai yi amfani.

Ranar Asabar mai zuwa bayan koyon waƙa za mu fito da tirelar harabar ikkilisiya, mu kunna komai, mu bar shi ya kwana, mu auna da safe kafin sujada. Muna neman matasa huɗu, maza biyu mata biyu, da za su koyi riƙe mitar nan. Wanda ke so ya ba sakatariya sunansa. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.