Tushen Waƙar Sakarai

'Yan'uwana mata, har gobe idan aka saki waƙar Sakarai ta Barmani Choge a gidan biki nan Soron Ɗinki, sai ka ga wata ta tsargu. Ni kam ban ɗauke ta zagi ba, don na san inda ta samo tushe.

Hajiya Sa'adatu 'yar Gwaigwayi ce ta ƙasar Funtuwa. Tana yarinya aka yi mata aure, mijin kuma makaɗin garaya. Kiɗanta amada ne, wato ƙore a kife, wata a kan ruwa, kiɗan da mata ke yi wa mata a tsakar gida. A irin wannan taro ake gane mai sana'a. Mai ƙuli-ƙuli da mai kitso sun kwashi adashi sun fito da gudummawa, mai jiran hannun maigida kuwa ko zanen jikinta na aro ne. Abin da Barmani ta gani kenan ta mayar waƙa.

Ta rasu a 2013, Allah ya jiƙanta. Ke da waƙar ta sosa, ki fara ko da ɗinkin hula ne, ranar biki kya shiga fili da kuɗinki.