Raƙumin Ruwan Da Muka Tayar Da Hannunmu

Aikin ɗan jarida shi ne ba da labarin wasu, amma yau labarin kaina zan bayar, da na wani ɗan jirgin ruwa da muka yi wa gyare-gyare a Ikko, har abin ya kusa zama mana abin kuka.

Ina da wani aboki mutumin Yawuri, jinin sarkawa, wanda ya daɗe a Ikko yana gyaran injin jiragen ruwa. A hannunsa wani attajiri ya bar amanar ƙaramin jirginsa na shaƙatawa, irin mai inji rataye a baya. 'Ya'yan attajirin biyu sun dawo daga karatu a Turai da son wasan zamiya a kan ruwa, watau jirgi ya ja mutum da doguwar igiya, shi kuwa yana tsaye bisa katako yana sulɓi.

Shi wannan wasa asalinsa ma aikin hannu ne. A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya fara shi a tafkin Pepin da ke jihar Minisota ta Amurka. Ya gwada da katakon ganga bai dace ba, sai ya samo falankai biyu masu tsawon kamar ƙafa 8, ya jiƙa bakinsu da tafasasshen ruwa ya lanƙwasa, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi. Da na karanta wa abokina wannan tarihi sai ya yi dariya ya ce, "Ashe dai ɗan jarida, mai abin ma makaniki ne irina."

Abin da kan bambanta jirgin wannan wasa da sauran jirage shi ne irin raƙumin ruwan da yake bari a bayansa. Mai zamiya da siraran katakai, wanda ke gilmawa dama da hagu a guje, gudun da kan kai kilomita 58 a sa'a wurin gasar maza, shi ruwa shimfiɗaɗɗe yake so, domin kowane tudu tuntuɓe ne gare shi. Amma mai hawa faffaɗan allo guda, wasan da ya yaɗu tun daga shekarun 1980, shi tudun yake nema don ya taka ya yi tsalle sama. Dokar abin kuwa ɗaya ce: gwargwadon nutsewar gindin jirgi, gwargwadon ruwan da yake turewa, gwargwadon tsayin raƙumin. Shi ya sa jiragen da aka ƙera musamman don wannan wasa suke da tankunan ruwa a cikinsu, a cika idan ana son tudu, a zubar idan ba a so.

Da fari samarin shimfiɗaɗɗen ruwa suka nema, wannan kuwa bai ba abokina wahala ba. Ya kwashe tarkacen da ke baya, ya mai da tankin mai gaba, ya ɗaura wani faranti mai kama da fiffike a ƙafar inji sama da farfela, jirgi ya riƙa ɗagowa da wuri yana tafiya bisa fuskar ruwa. Daga baya suka sayo allo suka ce tudu suke so. Nan ne na tsoma baki inda ba a kira ni ba. Na duba intanet na ga yadda Amurkawa ke jibga buhunan roba cike da ruwa a jiragensu, na ce masa ai lissafin mai sauƙi ne: lita guda ta ruwa kilo guda ce. Muka samo duro mai lita 200 da jarkoki 8 masu lita 25 kowace. Jimla kilo 400 ke nan, nauyin ƙarti kamar shida. A jikin jirgin akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta cewa mutum shida ne iyakarsa. Na gani da idona, na kau da kai.

Ranar wata Lahadi cikin Janairun 2023, hazo ya lulluɓe tafkin Ikko, muka fita mu huɗu. Abokina ya dubi yadda ruwa ya matso kusa da bakin jirgi ta baya, ya ce, "Malam, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kayan nan sun yi yawa." Na ce masa na yi lissafi. Don kunyar 'ya'yan maigidansa da ganin girman takardata, ya yi shiru ya ta da inji.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ƙayatar. Jirgi ya ɗaga hanci, ruwa ya tsage biyu a bayanmu kamar kunyar gona, yaron ya taka tudu ya tashi sama, muna ta sowa. Dukkanmu baya muke kallo. Shi kuwa matuƙi hancin jirgin ya tare masa gani, ga kuma hazo. Ba mu ankara ba sai ga mu mun gilma kusa da kwalekwalen wani dattijo masunci tare da ɗan yaro, suna jan taru.

Ba mu taɓa su ba ko kaɗan. Raƙumin ruwanmu ne ya isa gare su bayan mun wuce, ya ɗaga kwalekwalen ta gefe ya kifar. Abokina ya sassauta inji farat ɗaya, sai ga wani ilmin da intanet ba ta koya mini ba: ruwan da ke biye da mu ya cim mana, ya haura ta baya ya zubo cikin jirgi. Duron nan da ba mu cika shi taf ba, ruwan cikinsa ya kwankwatsa gefe guda, jirgi ya karkata. A nan na ga bambancin mai karatu da ɗan ruwa. Bai yi ihu ba. Ya ce mu koma gaba mu zauna ƙasa, ya yi ta jefar da jarkoki ɗaya bayan ɗaya, ya kwance murfin duro, sa'an nan ya juya a hankali.

Allah ya kiyaye, dattijon da jikansa sun iya ruwa, muka same su riƙe da kwalekwale. Amma kifin da suka kama tun asuba ya koma inda ya fito, taru ya yage, filafili ya bi ruwa. Dattijon bai zage mu ba. Ya dube mu ya yi wata magana da harshensa, wani mai fito da ya kawo ɗauki ya fassara mana: wai tambaya yake, mu me muka fito kamawa? Babu wanda ya iya ba shi amsa. Muka haɗa kuɗi muka biya tarun da kifin, na ce, "Baba, ka yafe mana." Ya karɓa ya kaɗa kai kawai.

Bayan wata biyar, cikin Yunin 2023, ina zaune a ɗakin labarai aka miƙo mini rahoton jirgin da ya kife a kogin Kwara wajen Patigi, inda mutum fiye da 100 masu dawowa daga biki suka rasu. Na tuna na Wara ta jihar Kebbi cikin Mayun 2021. Sau nawa na rubuta kalmar "lodin wuce kima" ina ganin laifin matuƙa da gangancinsu? Su dai neman abinci ya sa su. Ni kuwa da takardar difloma a hannu na yi irin wannan lodi don nishaɗi kurum.

Ban ce a daina wasan ba, ban kuma ce kada mai hikima ya gyara jirginsa ba. Har yanzu abokina yana fita da samarin, amma bisa sharuɗɗansa: nauyin ruwa da na mutane gaba ɗaya kada su wuce abin da maƙera jirgin suka rubuta, kowace jarka a cika ta taf a ɗaure, kowa da rigar ceto, mutum guda yana duban mai zamiya, matuƙi yana duban gaba, ba a kusantar farfela, ba a kusantar gaɓa ko masunta. Jarkoki uku kacal yake ɗauka yanzu, tudun bai kai na da ba, yaran kuwa ba su daina tsalle ba.

Ni kam idan na je, a gaba nake zama, aikina duban kwalekwale. Allah ya kiyaye mu da abin da za mu tayar ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, amin.