Maganin Saniya Ba Na Kyanwa Ba Ne

Duk mai shagon hatsi a Akinyele ya san aikin da kyanwa take yi masa. Ba ta karɓar albashi, amma saboda ita buhun masara da na wake suke kwana lafiya. Tun da 'yan kasuwarmu da yawa suka dawo nan bayan rikicin Shasha na Fabrairun 2021, rumfuna sun ƙaru, ɓeraye sun ƙaru, kyanwoyi ma haka. Ga Kara a kusa da mu, kaska ba ta ƙarewa inda shanu suke. Ga daminar Badun mai tsawo, wadda ƙuma take jin daɗinta.

To, abin da yake damuna shi ne yadda muke yi musu magani. Mutum ya ga kyanwarsa tana ta susa, sai ya ɗebo abin da ya samu: fiya-fiya, kananzir, baƙin mai, ko ragowar ruwan wankan shanu. Wani maƙwabcina a kasuwa ya yi haka bara, da kyakkyawar niyya wallahi. Kafin la'asar kyanwar tana karkarwa, yawu yana zuba. Ba ta kai asuba ba, ta bar 'ya'ya uku.

Dalili biyu ne. Na farko, kyanwa da harshenta take wanka, duk abin da ka shafa mata cikinta zai tafi. Na biyu, hantarta ba ta iya narkar da wasu sinadarai yadda ta kare ko ta saniya take yi. Akwai wanda ake kira permethrin, yana cikin magungunan karnuka da yawa; kare zai ɗauke shi lafiya, kyanwa kuwa kaɗan ya isa ya kashe ta. Haka paracetamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Sniper kuma maganin gona ne, ba na jikin dabba ba.

Me za a yi? Kaska dai a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja ta a miƙe a hankali, kada a matse cikinta, kada a ƙona ta a jikin dabbar. Ƙuma kuma a taje gashin da matsefi mai ƙananan haƙora, ana tsoma shi cikin ruwan sabulu. A tuna ƙwan ƙuma ba ya zama a jikin kyanwa, zubewa yake a tabarma da tsumma da tsofaffin buhuna. In ba a share an wanke makwancinta da ruwan zafi an shanya a rana ba, aikin baban giwa aka yi.

Idan za a sayi magani, a je wurin likitan dabbobi, a ce masa na kyanwa ake so. Akwai na ɗigawa mai sinadarin fipronil, ana sa shi a fatar ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, galibi wata-wata, kuma ba a ɗiga wa 'yar da ba ta kai mako 8 ba. Wanda duk ka ga hoton kare kaɗai a kwalinsa, ajiye shi.

In kuma an riga an shafa guba, a wanke ta maza da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a goge ta, a nufi likita. Jami'ar Ibadan tana da asibitin dabbobi, daga nan ba nisa. Ɗura manja ba ya karya wannan gubar, sai dai ya shaƙe ta.

Na sha faɗa a masallaci bayan magariba: hadisi ya tabbata cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, kuma tambayar masani kafin a shafa mata magani yana cikin riƙon amanar. Allah Ya sa mu dace.