Nasiha ga Mai Sabuwar Kyamara

Ɗana, na ga kyamarar da ka saya, Allah Ya sanya albarka. Matso kusa in gaya maka abin da sana'ar nan ta koya mini.

A zamaninmu fim muke sakawa, mai cin hoto 36. Kowace dannawa kuɗi ce, kuma ba ka ganin aikinka sai an wanke. Zuwana Yankari na farko, muka yi kiciɓis da garken giwaye sun gangaro kogin Gaji. Jikina na rawa na dinga dannawa daga cikin mota, inji a kunne, ƙiftawar kyamara kuwa na bar ta a 1/60. Da aka wanke fim ɗin, duk suka fito dishi-dishi, ko ɗaya ban tsira da shi ba. Tun ranar, sai na duba saiti kafin in sa ƙafa a mota.

Abu uku ke riƙe da hoto: ƙofar haske, saurin ƙiftawa, da ISO. In ka rage wa ɗaya, sai ka biya da wani. Dabba ba ta tsaya maka, don haka ka kai ƙiftawa 1/1000. In haske ya gaza, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Gara hoto mai ɗan tsakuwa da wanda ya girgiza. Ka sa direba ya kashe mota, ka saita a kan idon dabbar, domin in ido ya fito tar, hoton ya rayu. Ko giwa ce a Yankari, ko raƙumin dawa a Kure ta Nijar, ka bar dogon gilashi ya matsa maka, kai ka tsaya inda ɗan jagora ya ce.

Fili da duwatsu kuwa natsuwa suke so. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ISO 100, ƙofar haske f/8 zuwa f/11, na kusa da na nesa su fito tare. Hau Dutsen Dala bayan sallar asuba, ka ga yadda rana ke shafar rufin gidajen Kano daga gefe, kowane lungu da inuwarsa. Da tsakar rana wannan kyan ya tafi, sai kuma la'asar sakaliya. Lokacin hunturu kada ka kuskura ka canza gilashi a waje. Ƙura in ta shiga ciki, ɗigonta zai bi ka cikin kowane hoto.

A cikin gari, sallama ita ce saitin farko. In ka je marinar Ƙofar Mata, gaida masu rini, ka nemi izini, ka zauna har su manta da kai. A sannan ne za ka samu hannu shuɗi yana tsamo zane daga karofi, ruwan baba na ɗiga. Wanda ya ce a'a, sauke kyamararka, mutuncinsa ya fi hotonka.

Katinka yana cin hoto dubbai, na sani. Duk da haka, gobe in ka fita, ka ƙaddara 36 kawai gare ka. Jira haske ya zo, ka duba saiti, sannan ka danna. Allah Ya yi maka jagora.