Bindigar Mahaifina

Wanda ya tashi a gindin Dutsen Kufena kamar ni, ya san kukan fakara da asuba tun bai san ƙararrawar makaranta ba. Mahaifina manomi ne, amma in an gama girbi, hunturu ya shigo, sai ya ɗauko bindigarsa, mu bi ta tsohuwar ganuwar nan da a ke ce wa ta Sarauniya Amina, mu zaga dutsen ta yamma. Ni ne mai ɗaukar jaka. Ban taɓa ganinsa ya fita da harsashi fiye da huɗu ba, sau da yawa ma ya kan komo da biyu a aljihu. In an yi sa'a, ranar akwai zabon daji ko hasbiya a miya. In ba a yi ba, mun dai sha iska.

Bindigar mai baki ɗaya ce, ƙirar Ingila, lamba 12. Abokansa maharba kuwa adaka su ke riƙewa, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki a daddanna, yara su na yi mata kirari da harbi-ka-ruga. Turawa su na kiranta da sunan ƙasar Denmak, domin fataken ƙasar sun daɗe su na sayar da irinta a bakin teku, wajen Ankara ta ƙasar Gana. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Birasal, suka hana a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, sai irin na ɗuri da albarushinsu. Da haka adaka ta zauna da gindinta a ƙasarmu, har maƙeranmu suka ƙware wajen ƙera ta.

Sai da na girma na gane abin da lamba 12 ɗin nan ke nufi. Ba inci ba ne, ba kuwa shekara ba. In aka raba laba ɗaya ta dalma aka yi ƙwallaye 12 daidai wa daida, ko wane ɗaya zai cika bakin bindigar cif. Saboda haka lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙantar baki. Haka kuma lambar da ke jikin harsashin: in ta yi yawa, 'ya'yan da ke ciki ƙanana ne. Lamba 6 ita ce ta fakara da zabo, lamba 4 ta zomo da agwagwar ruwa, wanda aka rubuta wa BB kuwa sai gada. Mahaifina ya kan ce wanda ya harbi kurciya da harsashin gada gashi zai kai gida, wanda kuma ya harbi gada da na kurciya azaba kawai ya ba ta, za ta je ta mutu a inda ba wanda zai ci. Wannan na biyun ya fi ɓata masa rai.

Akwai abu uku da ya yi ta nanata mini har na haddace. Kada a sa dogon harsashi mai milimita 76 a bindigar da aka yi domin mai 70, ko da ya shiga. Kada a haɗa harsashin lamba 20 da na lamba 12 a aljihu ɗaya, gama ƙaramin ya kan zurma cikin bututun ya maƙale, mutum ya ɗora babban a bayansa, bindigar ta fashe a fuskarsa. Na uku, kada a farke harsashin kanti a juye garinsa cikin adaka, domin ƙarfinsa ya fi ƙarfin ƙarfen maƙera. Na san wani tsohon maharbi da yatsa uku suka rage masa a hannun hagu ta wannan hanya.

Abin da mahaifina bai sani ba shi ne dalmar kanta guba ce. Mu kan tauna 'ya'yan harsashi a cikin nama mu tofar, mu na dariya. Sai da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 na fara tunani. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Denmak ɗin nan ma ta hana irin wannan harsashi gaba ɗaya a 1996. Uwaye mata, in maigida ya kawo naman farauta, a yanke wurin da harsashi ya bi a zubar kafin a ba yara.

Da mahaifina ya rasu, bindigar ta faɗo a rabona. A nan na koyi cewa ana gadon bindiga, amma ba a gadon lasin. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta fara aiki a 1959, ta kuma raba su kashi uku. Na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da ƙananan na hannu. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu irin tawa, ta farauta, lasin ɗinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku adaka da 'yan'uwanta, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da takardarsu. Mutane da yawa su na zaton adaka ba ta bukatar takarda, tun da maƙerin unguwa ya yi ta. Ta na bukata. Wasu kuma su na zaton bindigar nan da a ke ja wa hannu ta ɗura wa kanta harsashi ɗaya ta ke da ta farauta. Dokar ta cire ta daga wannan kashi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Na yi ta zirga-zirga da takardu da hotuna, har na ƙosa, amma daga bisani na samu da sunana.

Duk wannan sha'awa ce kawai, har shekarar 2021. A watan Yuni na shekarar 'yan bindiga suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli da ke nan Zariya da dare, suka kwashi ɗalibai da malamai. Barci ya ƙaurace wa unguwarmu. Samari suka fara sintiri da sanduna da tocila. Wata rana da magariba wani dattijo, aminin mahaifina, ya yi mini sallama. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai ɗana ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Bindigar marigayi mu ke so ka ba yaran nan aro. Da dare kawai, da safe a komo maka da ita."

Na sunkuyar da kai. Mutumin nan shi ya riƙe ni ranar suna. Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Takardar da sunana ta ke. In na ba wani, shi da ni duka mun shiga hannun hukuma. Ban da wannan ma, yaran nan ba wanda ya taɓa harbi a cikinsu. In suka ji motsi cikin masara suka saki, wa ya san ko ɗan wa ne?"

Ya ce, "In suka zo, takarda za ka nuna musu?"

Ban sami amsa ba, har yanzu ma ba ni da wadda za ta gamsar da shi. Abin da na sani shi ne bindigata harsashi ɗaya ta ke ɗauka, na tsuntsu, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa a taku 40 ko 50. Waɗancan kuwa su na zuwa da mai cin harsashi 30 a zubi ɗaya. Ƙararta za ta gaya musu inda yaran su ke, ba za ta kore su ba. Amma ba na ganin laifin dattijon. Mutumin da ya kwana ya na sauraron haushin kare ba ya son a karanta masa doka. A 2022 ma gwamnatin Zamfara da kanta ta ce wa jama'arta su nemi lasin su kare kansu. A watan Agusta 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin, ya ce makamai sun yi yawa a hannun mutane. Talaka ya rasa ta wa zai bi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025. Maharba ne 'yan Arewa suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Salla. 'Yan sintirin garin suka tare motarsu, suka ga adaka a cikin kaya, aka yi ihu cewa masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe mutum 16. Da na ji labarin, abokan mahaifina na tuna, da jakunkunansu na fata da karnukansu. Na kuma tuna samarin unguwarmu, gama masu taron nan ma tsoro ne ya fito da su bakin hanya. A zamanin mahaifina, in aka ga mutum da bindiga a kafaɗa, yara su kan bi shi su ga abin da ya kamo. Yanzu ni kaina ba na yarda in ratsa titin Wusasa da ita, ko a cikin buhu, ko da takardar na aljihuna.

Ta na nan cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu, harsashin kuma a wani wuri dabam, uwargida ce kaɗai ta san inda makullin ya ke bayan ni. Wata wata na kan fito da ita in shafa mata mai, bayan yara sun yi barci. Ɗana na fari ya cika 14, ya fara tambayata yaushe za mu zaga Kufena kamar yadda na ke ba shi labari. Mun je sau biyu, hannu sake. Fakara ta yi ƙaranci ƙwarai, gidaje sun cinye gonakin da mu ke bi a dā, amma mun ga rema a kan duwatsu.

Dattijon nan ya yi kusan wata uku ya na amsa gaisuwata a taƙaice. Na saya wa 'yan sintiri tocila huɗu da usur, na kuma sa aka rubuta sunana a daren Talata. Har yanzu ina fita, da sanda.