Ba Aiki Na Zo Nema Ba

Ku matso kusa, maganar nan tsakaninmu ce, kada ta kai kunnen yayata. Ɗanta ne da ya gama hidimar ƙasa bara ya zo mini da fayil a hammata, wai in haɗa shi da wani a banki. Na ce, "Kai kuwa ka san abin da ma'aikacin banki yake yi daga safe har dare?" Ya sosa ƙeya, can ya ce, "Kawu, ai dai ana sa kwat, ga sanyin esi."

Na karɓe fayil ɗin na jefa a aljihun tebur. Na tura shi wurin maƙwabcin wani abokina da ya shekara uku a banki, na ce ya roƙi minti ashirin kawai, kuma da an gama gaisawa ya fara da cewa, "Yallaɓai, ba aiki na zo nema ba, tambaya na zo yi."

Kun san dalili. A garin nan, matashi ya yi sallama a ofis ya rusuna, kafin ya buɗe baki mai ofis ya gama shirya amsarsa: "A bar takardun, za a duba." Amma da ka sauke masa nauyin alfarma, sai ka ga ya saki jiki, har ya aika a kawo lemo. Wa ya ƙi a tambaye shi labarin wahalar da ya sha?

Kada ku ce dabarata ce. Wani Ba'amurke, Richard Bolles, shi ya yayata ta a littafinsa na masu neman aiki da ya fara fitowa a 1970. Wani kuma, Mark Granovetter, ya bi diddigin ma'aikata a garin Newton kusa da Boston, ya wallafa a 1974 cewa yawancin waɗanda suka samu aiki ta hannun mutane, ba ta hannun aminai suka samu ba, ta hannun waɗanda ake gaisawa jefi-jefi ne. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amininka majalisarku ɗaya, abin da ya ji kai ma ka ji.

Yaron ya dawo bayan magariba jiki a sanyaye. Ashe mutumin ya zayyana masa komai: adadin kuɗin ajiya da ake ɗora wa ma'aikaci ya nemo, yawon neman masu buɗe asusu cikin rana tsaka da kwat ɗin nan a jiki, zaman dare idan lissafi ya ƙi daidaita, da yadda da yawa cikin masu zama a kanta ma'aikatan kwantiragi ne. Babu wanda ya taɓa gaya masa wannan a jami'a.

Shi ya sa nake cewa a bar manaja tukuna. Wanda ya shekara ashirin a kujera ya manta zafin farawa, sai ya cika ka da nasiha. A nemi wanda ƙafarsa ke cikin taɓon. A tambaye shi yadda Litinin ɗinsa take wucewa, da abin da ya fi gundurarsa. Albashinsa kam kada a taɓa, rashin kunya ne. A ce dai mai farawa nawa yake samu. Kafin a miƙe kuma a tambaya, "Wa kike ganin ya kamata in gani?" ko "Wa kake ganin...", gwargwadon wanda aka samu. Minti ashirin na cika a yi godiya a tashi, sai in shi ya riƙe ka.

Ta wannan tambayar ta ƙarshe yaron ya faɗa hannun wani mai haɗa sola a Sabon Gari, daga nan aka miƙa shi ga wata akanta da ta yi masa bayanin jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta. Mutum biyar ya gani cikin wata biyu. Yanzu Asabar da Lahadi yana kan rufin kwano yana koyon ɗaura faifan sola, uwarsa kuwa tana nan tana jiran labarin banki. Fayil ɗin har yau yana aljihun teburina, bai zo karɓa ba.