Sandar Fatsa Ta Gaya Mini Shekaruna



Babana masunci ne a tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Da ya rasu, na gaji taru biyu da wata farar sandar fatsa mai gaɓa biyu. Kullum yakan ce: "Wani Ba'amurke ne ya ba ni ita, shekarar da aka haife ka."

Irin wannan sanda, a Amurka ake kamun kifi da ita. Ba a sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa, ya yi kamar ƙwaro bisa ruwa, kifi ya kawo baki. Babana bai taɓa yin su da ita ba. Ya rataye ta a ɗaki kawai.

Ni kuwa ba ni da takardar haihuwa. Da za a yi mini takardar ɗan ƙasa, sai aka dubi fuskata, aka rubuta "wajen 1960". Abin ya daɗe yana damuna. Mutum bai san shekarunsa ba!

Da na shiga yaƙi da jahilci, wata rana na sauko da sandar, na goge ƙura. Kusa da mariƙi na karanta: Shakespeare Wonderod. Na ga wasu baƙaƙe 3, na farkon su ne E da G. Na kwafe su, na aika wa ɗana da ke karatu a Yamai.

Ga abin da ya binciko. Da can, da gora ake yin sandunan nan. A 1947 kamfanin Shakespeare ya fito da sandar zaren gilashi haɗe da ƙaro. Ana gane tsufanta ta hanya uku. Ta ɗaya, mahaɗin gaɓoɓi: tsofaffi na ƙarfe gare su. Sai a 1962 kamfanin Fenwick ya fara yin mahaɗi marar ƙarfe. Ta biyu, nauyin igiya: da baƙaƙe ake nuna shi a da, kamar HDH, daga baya aka koma lamba. Ta uku, baƙaƙen shekara. A wajen Shakespeare, K tana nufin 1, J 2, H 3, G 4, F 5, E 6. Ke nan EG ita ce 64. An yi sandata a 1964.

To, ba a ba da kyautar abin da ba a ƙera ba tukuna. In maganar babana daidai ce, ba a haife ni kafin 1964 ba. Ashe an ƙara mini shekara 4, ko fiye.

Abokina da nake kira ƙane tun muna yara, yanzu ya ce sai in riƙa gaishe shi da safe. Na yarda.

Wani dillali ya taya sandar jika biyar. Na ce albarka. Ƴan'uwa, kada ku sayar da tsohon kaya sai kun karanta abin da ke rubuce a jikinsa.